Abin da Na Ji a Bayan Ƙofar Aji

Ni ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma yabonsa yana ji. "Kai" Inna take ce mini.

Ina aji huɗu a makarantar gwamnati a Germantown, can ƙasar Turawa inda muke zaune, malamarmu ta kira Inna bayan an tashi. Tana so a saka ni a ajin lissafi na masu hazaƙa, inda babu baƙar fata ko ɗaya, amma sai iyaye sun yarda.

Da farko malamar ta yabe ni. Inna ta dubi taga. Sannan malamar ta tambaye ta, "Kina ganin zai iya?"

Inna ta ce, "Wannan? Wasa ya yi masa yawa."

Na cire rai da ajin. Amma malamar ta dube ni, ta dubi Inna, ta ce in je in sha ruwa.

Ban je ba, na laɓe a bayan ƙofa. Can na ji Inna da ɗan Turancinta tana cewa, "Bashir zai iya. Ki saka shi."

An saka ni. Har yau ban gaya mata na ji ba, don kunya za ta ji.