Fuskar Lieven a Allon Bagade

"Mama, ku matsa gaba, kada ku rasa ganin fuskata," in ji Lieven mai gasa burodi, yana buɗa wa surukarsa Beatrijs hanya a cocin unguwarsu da ke birnin Bruges. Ranar ce za a buɗe sabon allon bagade, wato babban allon da ke gaban coci, mai ɗauke da hoton Ranar Hisabi.

Sati uku ya yi yana tsayawa gaban mai zane, kai a ɗage, baki a buɗe. "Kamar ka hango mala'iku," haka aka ce masa. Duk wanda ya sayi burodi sai ya ji cewa Lieven ya shiga sahun waliyyai.

Aka buɗe ƙyamaren allon. Ya duba ɓangaren Aljanna sau biyu, babu shi. Surukarsa ta fashe da dariya, ta nuna can ƙasa. Ga shi tsirara a tsakiyar wuta, ko tumbinsa ba a rage ba.

"Na sha faɗa wa 'yata inda za ka ƙare," ta ce.

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai idonsa ya kai kan shaiɗanin da ke tsikarar sa da mashi. Wannan hanci da wannan haɓa, ai ya san su.

"Mama, ku ma kun je wurin mai zanen?"

Dariyarta ta tsaya. "Cewa ya yi zai zana ni a matsayin kakar Yesu."

Lieven ya riƙe ciki don dariya. "Wayyo ni! Ashe ko can ba za mu rabu ba."