Ranar da Malam Sama'ilu Ya Shiga Ƙwallon Wuta

Sai da Kamilu ya ɗaure waya ta ƙarshe sannan ya yarda, a ransa kawai, cewa abin da ya ƙera ya fi kama da akurkin kaji fiye da kimiyya. Ƙaton ƙwallo ne na ragar ƙarfe, mai ɗan murfi a sama, an ɗora shi kan tsofaffin tayoyi a ƙofar gidansu, a wani ƙauye bayan Kunci.

Bakinsa ne ya jawo masa. Tun da ya dawo hutu daga jami'a yake damun majalisa da wata magana: wai idan aka cika ƙwallon ƙarfe mai rami da caji, cajin yakan bazu a bayansa daidai wa daida, kowane gefe ya ja, na gabansa ma ya ja, su kashe ƙarfin juna. Wanda ya taɓa waje zai sha wuta, wanda ke ciki kuwa babu abin da zai ji.

Daga nan samari suka raɗa masa Malam Babu Komai. Shi kansa da ya ji sunan sai da ya dara, don ya san ya dace da shi.

Baffansa Ja'afaru, yayan mahaifinsa, bai ga abin dariya ba. Ya ce yaron da aka tura karatu ya dawo da babu komai, gara ya bi shi noman rani a Watari. Mahaifin Kamilu, Malam Sama'ilu, bai taɓa yi wa yayansa musu ba. Abin da ya iya roƙa kawai shi ne a bar yaron ya nuna abin a gaban jama'a. In ya tabbata, ya koma makaranta. In ya ƙi, ya ɗauki fartanya.

Kamilu ya haɗa injinsa da batirin babur na aro, da kwayil mai ninka ƙarfin wuta, da ɗan akwatin katako. Ana gobe taron ya gwada da kaza. Ragar ta yi ta tartsatsi, kazar tana ciki tana tsattsagar dawa hankali kwance. Zakaran da ya biyo ta ya kai baki daga waje, ya yi tsalle ya bar gashi a wurin.

Malam Sama'ilu yana tsugune yana kallo. Ya tambayi sunan wannan, ya tambayi sunan wancan, shi kuwa Kamilu, da bai taɓa samun ɗalibi mai natsuwa haka ba, ya saki baki har da nuna ɗan fis ɗin da ke cikin akwatin, gadar da wuta ke bi kafin ta kai ga ragar. Tsohon ya daɗe yana kallon zakaran.

Washegari bai je gona ba. Ya ce zai tsare kayan saboda yara, Kamilu ya je ya karɓo batirin daga wurin caji.

Bayan la'asar ƙofar gida ta cika. Nan Kamilu ya gano abin da duk lissafinsa bai hango ba: dole shi ya tsaya kan makunni, dole kuma wani ya shiga ƙwallon. Baffa Ja'afaru ya ce ba a yanke hukuncin ɗan'adam da shaidar kaza. Samarin da suka fi kowa surutu suka shiga duba wayoyinsu. Kamilu har ya fara hango kansa cikin taɓon Watari, tabarau da komai.

Sai Malam Sama'ilu ya miƙe, ya tattare babbar rigarsa.

"Ɗana ya ce babu komai a ciki," ya ce. "To, babu komai."

Ya shiga ya zauna kan ɗan buhu, hannu ɗaya a aljihu. Inna Kulu, uwar Kamilu, ta leƙo daga zaure tana salati.

Kamilu ya danna makunni. Ihun mata da hayaniyar yara suka cika kunnensa, ko ƙarar tartsatsin bai ji ba. Hawaye sun rufe masa ido, don bai taɓa sanin mahaifinsa ya yarda da shi har haka ba. Wata akuya ta kutso ta bayan ragar, ta sosa gefenta a jikin ƙarfen, ta wuce abinta.

Tsohon ya fito yana kaɗe riga, ko gashin gemunsa bai motsa ba. Aka ɗauki kabbara. Baffa Ja'afaru ya shafa kafaɗun ƙaninsa, ya juya shi gaba da baya, sannan ya ce yaro ya koma makarantarsa.

Kamilu ya kwana biyu yana tafiya kamar wanda ya ƙirƙiro wutar lantarki. Ya mayar da batiri, ya rufe akwatin, ya bar wa kaji ƙwallon. A ransa har ya tsara yadda zai ba malamansa labarin manomin da bai taɓa shiga aji ba amma ya miƙa ransa ga kimiyya.

Ranar komawa, ya rataya jaka, Inna Kulu ta biyo shi zaure da ƙullin dakuwa.

"Af, na kusa mantawa," ta ce, tana kwance bakin zanenta. "Da zan wanke rigar da babanka ya shiga abin nan da ita, na tsinci wannan a aljihu. Ba naka ba ne?"

Ta buɗe tafin hannunta. Fis ɗin ne.