Awartakin Babakura

Ruwan kofin ya koma toka-toka kafin Babakura ya gama kwatanta awartakin. Ƙarami ne, in ji shi, na kama azurfa, da kan zakara a ƙarshen kowace ƙafa.

Siddiƙa ta tsoma buroshi. Ba ta tambayi inda zakarun suke kallo ba.

Babakura tsohon maƙerin azurfa ne daga Konduga. Ranar da rikici ya sa aka gudu ya bar maƙerarsa a buɗe, ya iso Maiduguri daga shi sai rigar wuyansa, kuma a wannan hanyar ce 'yarsa ta ɓace. Shekaru suka goge masa fuskokin mutane, amma suka bar masa kayan aikinsa. Kullum da hantsi yakan zauna a wani zaure a unguwar Dala ta Maiduguri ya kwatanta, Siddiƙa kuma ta zana da fentin ruwa. Bango ya cika: mazubin kwalli mai hula, munduwa mai kan maciji, kaskon turaren wuta, gudumar da ba ta fi yatsa ba.

"Malama, hannunki da albarka," yakan ce. "Sai ka ce kin gani."

Sunan 'yar bai taɓa fita daga bakinsa ba. Ta fari ce, alkunya ta hana, "yarinyar" kawai yake cewa. Shi ya sa ko an ambaci sunan a gabansa yanzu, wucewa yake kamar na baƙuwa.

Likita ya ce abin da ido ya saba yakan dawo da mutum, idan an dace. Awartakin ne na ƙarshe. Bayansa babu sauran abin zanawa, hankalin kuwa kullum raguwa yake.

"Da shi yarinyar ta ƙone," ya ce. "Ta damƙe shi da zafinsa."

Siddiƙa ta ƙara abin da bai nema ba: hannu riƙe da awartakin, da tabo kamar jinjirin wata a gindin babban yatsa. Ta jira takardar ta sha iska, ta riƙe ta daf da fuskarsa.

Ya daɗe yana kallo. Hawaye ya bi gemunsa.

"Ita ce," ya ce. "Hannunta ne."

Siddiƙa ta zuba masa ido. Ta jira ya ɗago.

Bai ɗago ba. "Malama, janye yatsanki, kin tare mini ita."

Ta janye, ta ja bakin mayafi ta rufe jinjirin watan da ke gindin babban yatsanta.