Hasken Kan Kawu

Kwana uku da yi masa aikin ido da leza, wani direba ya shiga falonsa ya tarar da kawun matarsa, wanda suka shekara ba sa ga-maciji, zaune ƙarƙashin ƙwan lantarki, wani haske ya kewaye kansa.

Direban ya ƙura masa ido. Ashe waliyyi yake ta yi wa rashin kunya! Ya zube ƙasa.

"Kawu, ka yafe mini. Ɗakin nan da na hana ka, ka tare yau."

Washegari likita ta tambaye shi, "Kana ganin zoben haske kewaye da abu mai ƙyalli? Yakan faru bayan irin wannan aikin, zai wuce."

Ya koma gida a guje. Kawu har ya jera kayansa, yana zaune yana shafa wa sanƙonsa mai.