Kogi Ya Yi Ja

"Ku yanke shinkafarku ko da ba ta gama nuna ba. Kogi ya yi ja, tururuwa na hawa tudu da ƙwayayenta."

Vokal ɗin, wato saƙon murya, da Abdulgani, tsohon masunci a Garou, ya tura gurup ɗin waya na manoman Malanville ke nan. Latifu mai riƙe da gurup ya amsa masa shi kaɗai yana dariya: "Baba, meteyo mai hasashen yanayi ba ta ce haka ba. Nan ilimi muke biɗa, ba hirar cikin kwalekwale ba." Kafin kowa ya saurara ya goge vokal ɗin, ya fitar da tsoho kamar an kori akuya daga rumfa.

Abdulgani ya haɗiye wulaƙancin, ya yanke tasa shinkafar. Kwana tara, ruwa ya shanye fadama kaf.

Ya zaci yanzu za a zo ba shi haƙuri. Sai ga maƙwabciyarsa Nafisatu, ba ko sallama, ta miƙo masa wayarta.

Hoton buhunansa ne a gurup, ga muryar Latifu ƙarƙashi: "Ku ga mugu. Ya san ruwa na tahe, ya yi shiru."

Mutum ɗari biyu sun tsine masa. Har da ƙanensa, wanda Abdulgani ya roƙa sau biyu ya yanke tasa.