Lokacin da Ya Dace Inna Ta Zo

La Dangka yana tsaye a bakin ruwa, teku ta kwanta luf kamar mai a faranti, yana rantse wa surukarsa a waya cewa igiyar ruwa ta kusa cinye masallacin tsibirin.

"Inna, ki bari iskar gabas ta wuce. Jiya ma jirgin ruwa ya juyo da mutane suna ta amai."

Tsohuwar ta ce to, Allah Ya sawwaƙe, ta kashe wayar.

Wa Ambe ke nan, uwar matarsa. Tun da mijinta ya rasu ta koma birnin Baubau wajen ɗanta, ta bar wa La Dangka gidan da sharaɗi ɗaya: kada baƙo ya kwana a ɗakin marigayi, ranar da hakan ta faru kuwa ya kwashe komatsansa. Ko hawayen makoki bai gama bushewa ba gogan ya mayar da gidan masaukin baƙi masu nutso a teku don yawon buɗe ido. Ɗakin marigayi, da yake tagarsa tana kallon teku, shi Turawa suka fi rububi. Ƙusar da tsohon yake rataye carbi, yanzu jiƙaƙƙen ɗan kamfai ne yake ɗiga a jikinta.

Shi ya sa teku take da fuska biyu a bakin La Dangka. In baƙo ya tambayi lokacin da ya fi kyau a zo kallon murjani a ƙarƙashin ruwa, amsar ɗaya ce: yanzu. In Inna ce ta tambaya, to iskar yamma ta taso. In ta wuce, ga ta gabas. Watannin da ke tsakani kuma, da ruwa yake garau har ana hango kifi daga kan gada, sai ya ƙirƙiro wata iskar da ko masunta ba su taɓa jin labarinta ba. Matarsa Wa Muri ta sha ce masa ya ji tsoron Allah, uwarta da aka haifa a cikin kwale-kwale yake koya wa iska. Ya ce tsufa ya zo mata, ta manta.

Baƙinsa duk ta hannun wani ofishi na Baubau suke zuwa. Su suka neme shi da kansu. Bai taɓa ganin mai ofishin ba, sakatare ne yake kira ya ce Madam ta ce kaza. Madam kuwa akwai iyayi. Ta ce a gyara rufin baya kafin ruwa ya sauka, a cire takalmi a ƙofa, kada a shiga da giya ɗakin da ke kallon teku. Abin da ya fi ƙona masa rai, komai daɗin bakinsa ba ta turo ko mutum ɗaya in iska ta taso da gaske. Ya yanke cewa wata attajira ce 'yar birni da ta rasa aikin yi, amma yana bin umarninta sau da ƙafa, don ita ce abincinsa.

Ana haka sakataren ya kira ya ce Madam tana son zuwa da kanta, yaushe ya fi dacewa? La Dangka ya saki baki. Yanzu, mana! Ruwa kamar gilashi, kunkuru har layi suke yi a ɗauke su hoto, kuma ya ware mata ɗakin da ya fi kowanne. Aka tsayar da jirgin Juma'a.

Bai gama murna ba Inna ta kira. Ta ce ta gaji da jiran iska, ranar Juma'a za ta hau jirgi, in ya kife ma dai kusa da mijinta ta mutu. Ya kawo mata zancen amai, ya kawo na guguwa, har da wani jirgi da ya nutse a bakinsa kaɗai. Ta ce ya tanadar mata tuwon rogo da gasasshen kifi.

Tsoro ya kama shi sosai. Mata biyu, jirgi ɗaya, ɗaki ɗaya. In Inna ta gane, gida ya tafi. In Madam ta ji haushi, baƙi sun tafi. Ya cire allon masaukin, ya tura tukwanen iskar nutso cikin garken awaki, ya mayar da carbi kan ƙusa, ya lallaɓa Bajamushen da ke ɗakin ya koma gidan liman. Dabarar ita ce Wa Muri ta ja uwarta gaishe-gaishen dangi har yamma, shi kuma ya wuce da Madam teku kai tsaye. Inda za su kwana kuwa, ya bar wa Allah.

Da safiyar Juma'a jirgi ya tsaya. Aka sauke buhunan shinkafa, da kaji, da babur, sai ga Inna da mayafinta tana takowa a hankali. Ya ruga ya sumbaci hannunta. Ta dubi tekun da ko motsi ba ta yi, ta dube shi.

"Sannu da iska."

Ya ce ai yanzu-yanzu ta lafa, albarkacin zuwanta ne. Yana magana yana leƙen bayanta. Mutane suka gama fita, ma'aikata suka fara wanke jirgi, babu wata mai kama da Madam. Ya ci gaba da waige-waige.

"Wa kake nema?"

"Wani... saƙo ne aka ce za a aiko, Inna."

Ta miƙa masa jakarta, ta gyara mayafi.

"Ɗauki mu je, kada rana ta yi. Kunkurun da ka ce wa sakatarena suna layi nake son gani, sannan ka kai ni ɗakin mijina da ka ware wa Madam."