Safar Hannun Baba

Ina aji huɗu Baba ya kai ni dutsen da ake wasan zamiya a kan ƙanƙara, don na ishe shi da cewa duk 'yan ajinmu sun je. Ya taso daga aikin dare a wani sito da ke garin Wendover, ko runtsawa bai yi ba muka kama hanya. Sai da muka isa na tuna na baro safar hannuna a gida.

Ya cire tasa ya zura min. Baƙa ce ta aiki, tana warin kwali da man inji.

Na ce, "Kai fa, Baba?"

Ya ce, "Je ki abinki, uwata. Ni kallo zan yi."

Na yi ta hawa ina sulalowa har la'asar. Duk saukowar da na yi yana nan jikin shinge, yana ɗaga min hannu. Da muka koma mota sai ya kasa murɗa mukulli don sanyi. Ya cusa hannayensa a hammata ya sunkuyar da kai, ni kuwa ina ta zuba masa labari.

Yau ni ke sa masa maɓallan riga. Likita ta ce ciwon yatsun na tsufa ne kawai. Na ji ta, amma zuciyata ta ƙi yarda.